Amsa: Ɗora NetBSD a kan tsohuwar SPARCstation 5

Malam, ka ce ka samu kwamfuta SPARCstation 5 ta kamfanin Sun, kana tambaya ko sai ka gyara mata tsarin aiki da kanka. Ba sai ka sha wannan wahalar ba. Injin na 1994 ne, jinsin injinan Sun da ake kira sun4m, kuma tsarin aiki na NetBSD na tafiya a kansa tuntuni. OpenBSD kuwa, wani tsarin aikin, ta daina kula da irinsa a 2016.

Fara duba NVRAM, ƙwayar da ke riƙe saitunan injin. Batirinta a cikin ƙwayar yake, an rufe shi ruf, kuma yawancinsu sun mutu yanzu. Da ka kunna ka ga adireshin Ethernet ya koma ff:ff:ff:ff:ff:ff, to ita ce. Ko ka sayi sabuwa, ko a ɗan tsaga tsohuwar a jona mata batiri daga waje. Wannan kam kai wa mai gyaran da hannunsa ya faɗa, kar ka lalata ta a banza.

Ba ka da allo mai mahaɗin 13W3? Cire kibod, jona waya daga wata kwamfuta a ttya (kafar serial ta farko) da gudun 9600, za ka ga "ok", alamar injin na jiran umarni.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne na'urar CD: sai ta SCSI mai karanta bulo mai girman byte 512, a lambar SCSI ta 6. Sannan kar ka harhaɗa kernel (zuciyar tsarin aikin) a kan injin, za ka kwana kana jira. Yi a kwamfutar zamani da umarnin NetBSD na build.sh -m sparc, ka gwada a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon injin.

In akwai katin SBus (katin ƙari na cikin injin) da tsarin bai gane ba, tura sakamakon dmesg (umarnin da ke nuna saƙonnin kernel) ga mutanen zauren imel na port-sparc na NetBSD.