Ɗan Zango Ne, Taubashi

Taubashi, saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka ƙulla a ƙarshensa. Ka ce kun gaisa da babban ɗana a waya, ka tambaye shi ina babarsa, ya ce maka "ya tafi kasuwa", ka rasa dariya za ka yi ko kuka. Sai ka biyo da tambayar da ta wuce wasa: yaran da muke haifa a nan Kumasi, idan sun kawo ƙarfi, me suke ɗaukar kansu? Hausawa ko Tonawa, wato Ashanti masu garin?

Bari in fara wanke yaron. Hausar zango, wato unguwanninmu na baƙi Musulmi a Gana, ba ta raba mace da namiji, ƙ da ɗ kuwa sun daɗe da narkewa a bakin yawancin matasanmu. Ni ma ba don shekarun da na yi a gidanku ina karatun allo ba, da irin tasa zan rubuto maka. Layinmu a Aboabo akwai Mosi, akwai Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Wangarawa, Fulani da Yarbawa, kuma da Hausa kowa ke ciniki, da ita ake faɗa, da ita ake neman aure. Tabarmar da kowa ke zama a kanta ai dole gefenta ya ci.

Saboda haka idan ka tare saurayi a nan ka tambaye shi, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne "ni ɗan zango ne". Ƙabila sai ka matsa masa.

Ka san yadda muka zo. Goro ne ya kawo kakanninmu Gwanja, suka zauna Salaga har yaƙin 1892 ya watsa garin. Wasu suka koma Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi ta karantarwa har rasuwarsa a 1934, wasu suka gangaro Kumasi da Akra. Abin da ba ku cika tunawa ba a can shi ne 1969, lokacin da gwamnatin firaminista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mahaifina bai tafi ba, amma har ya koma ga Allah takardunsa na cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gado, kamar mai jiran a sake bugo masa ƙofa. A cikin wannan tsoron muka tashi. 'Ya'yanmu ba su gaje shi ba, kuma nan ne muka bambanta da su.

Shekarar da yaron nan ya cika 18 ya je yin rajista a wani ofishi. Ma'aikacin ya dubi sunansa, ya dube shi, ya ce da Tonanci, "Wofiri he?", wato daga ina kake. Ya ce Kumasi. Mutumin ya ce a'a, garinku na ainihi nake nufi. Ka gane, a nan kowane Batone yana da ƙauyen da ake kai gawarsa, yana da dangin uwa da ke tsaya masa. Wanda ba shi da ƙauye sai a riƙa yi masa kallon ɗan ci-rani, ko da kakan kakansa a nan aka binne cibiyarsa. Yaron ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Bayan isha'i ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Baba, mu 'yan ina ne?" Na ce asalinmu Kano. Ya yi shiru, can ya ce, "To Kano sun san ni?" Na buɗe baki na rufe.

Washegari ya koma da hujjarsa a hannu. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan kafa shi ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan Gana ne. Ni da a shekarunsa nake, da haƙuri zan bayar in sulale. Shi ya tsaya har aka rubuta Kumasi.

Boko ce ta ba su wannan bakin. Iyayenmu sun guje ta don yawancin makarantun na mishan ne. Sai a 1987 hukumar ilimi ta buɗe sashen makarantun Islamiyya, a 2017 kuma sakandare ta zama kyauta. Yau yaro na zuwa "sukuu" Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi ya tafi makaranta (a bakinmu, makaranta ta Alƙur'ani ce kaɗai). A makarantar kwana ake fara kiransa Kramo, Musulmi ke nan, ya gane ashe shi ɗan tsiraru ne. 'Yan mata sun fi shan wannan, don hijabi ba ya ɓoyuwa. A 2021 ƙasar nan ta ɗau zafi kan wata makarantar mishan ta 'yan mata da ta hana ɗaliba azumi. Abin da na lura, yawancinsu sun fi riƙe salla bayan sun dawo daga irin waɗannan wurare.

Sauran tarbiyyar kuwa a "bes" ake yin ta, majalisarku ke nan: benci, butar ataya, gardamar ƙwallo har tsakar dare. 'Yan bes ke haɗa wa ɗan'uwansu kuɗin aure da na suna, su ke haƙa kabari. Ba zan rufe maka ba, a nan ne kuma ƙwaya ke shiga, a nan 'yan siyasa ke hayar ƙarti, a nan ake ƙulla tafiya Libiya. Uba a zango ya fi damuwa da wane bes ɗansa ke zama fiye da irin Hausar da yake yi.

Gwanayensu ma daban ne. Suna da Mohammed Kudus, ɗan ƙwallo, yaron unguwar Nima ta Akra da ya kai Ajax da Ingila, yana kuma sanya rigar Gana. Suna da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda a 2019, yana cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika a Akra ya zauna da maƙwabtansa. Na san a wajenku wannan sai ya tayar da ƙura. A nan matasanmu hoton suka yi ta yaɗawa suna alfahari.

Da babbar salla zan turo maka shi, shi ya nema da kansa. Ka kai shi Kurmi ya ga inda ayarin goro ke sauka, ka nuna masa zauren kakanmu idan ba ku rushe shi ba. In ya ce wa Hajiya "ya", ku ƙyale shi har a watse, sannan ka ja shi gefe.