Zuwa ga ƙanena mai son zuwa Jamus koyon zanen jikin mota

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma ga gara in amsa a fili, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba. Ka ce ka gama digirinka na injiniya, ka yi bautar ƙasa, hannunka ya faɗa da AutoCAD har kana zana wa magina taswirar gida. Burinka ka zo Jamus ka yi digiri na biyu, ka shiga aikin zana jikin mota a kwamfuta. Kana tambaya wace manhaja za ka koya, kuma ko ya dace ka biya kuɗin wani kwas na CATIA, manhajar zanen injiniya a kwamfuta, da ake bayar da satifiket a ƙarshensa.

Ka riƙe kuɗinka tukuna. Aikin da nake yi ke nan a wani kamfani da ke karɓar kwangila daga masu ƙera motoci a kudancin Jamus, kuma duk wanda aka kira ganawar ɗaukar aiki a sashenmu, abin da ake buɗewa shi ne fayil ɗin da ya zana. Ana kunna ɗigogin da ke riƙe da layukansa a ga yadda ya jera su. Cikin 'yan mintoci an san ko ya iya. Satifiket ba ya nuna wannan.

Taswirar gida miƙaƙƙun layuka ce da da'ira. Jikin mota kusan babu ko ɗaya daga cikinsu. Ƙofa, bonet, rufi, duk lanƙwasa ce mai sauyawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, kuma layin da ake zana ta da shi ana kiransa siflayin. Kafin kwamfuta, masu ƙera jiragen ruwa siririn katako suke lanƙwasawa a kan faffaɗan daɓe, su danne shi da nauyin darma a wasu wurare, su bi gefensa da fensir. Katakon da kansa yake neman lanƙwasa mai laushi tsakanin nauyi da nauyi. In ka cika masa darma, ka hana shi yin hakan, layin ya fito da tudu da kwari. Wannan ka'ida ba ta canza ba har yau.

Wani babban sashe na lissafin ya fito ne daga masana'antar mota ta Faransa, lokacin da suke neman hanyar da za su gaya wa injin sassaƙa siffar mota da lambobi. Paul de Casteljau ya samar da hanyarsa a Citroën a 1959, kamfanin ya ɓoye ta a matsayin sirri. Pierre Bézier ya yi nasa a Renault, ya gina tsarin UNISURF, ya kuma wallafa, shi ya sa sunansa ya bi layin. Layin Bézier mai daraja ta uku, wato wanda lissafinsa yake mataki na uku, ɗigo huɗu yake da su. Yana farawa daga na farko, ya ƙare a na huɗu, biyun tsakiya kuwa ba ya taɓa su, janyo shi kawai suke yi. Ni ina kiransu ɗigogin linzami. Inda layin ya fuskanta a farkonsa, ɗigo na biyu ne ya nuna masa, haka ma na uku a ƙarshensa. In ka motsa ɗigo ɗaya, layin gaba ɗaya zai motsa.

Abin da za ka tarar a manhajojin yanzu shi ne NURBS. Shi gutsattsarin layuka ne da aka ɗinke a wuraren da ake kira ƙulli, ta yadda in ka motsa ɗigo, yankin da ke kusa da shi kaɗai zai canza. Kowane ɗigo kuma yana da nauyinsa, wanda da shi ake iya fitar da cikakkiyar da'ira, abin da layin Bézier na asali ba ya iyawa sai dai ya kusanta. Wannan sauƙin ne ke yaudarar masu koyo. Tunda ana iya ƙara ɗigo a ko'ina, duk inda layi ya ƙi bin hoton da suke kwaikwaya sai su ƙara.

Buɗe AutoCAD ɗinka yau ka gwada. Umarnin SPLINE yana ba ka hanya biyu: ko ka danna wuraren da layi zai ratsa, ko ka ajiye ɗigogin linzami da kanka. Kusan kowa ta farko yake bi don ta fi sauƙi. Zana gefen rufin mota da ita, ka danna wuri ashirin, sannan ka juya layin zuwa ɗigogin linzami ka ga tarin da manhajar ta ƙirƙira maka, wasu a cunkushe, wasu a warwatse. Sai ka sake zana shi da ɗigo shida da ka jera da hannunka, tazararsu tana ƙaruwa ko raguwa a hankali, babu wanda ya yi tsalle ya bar layin 'yan'uwansa. A allo za ka ga kamar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma akwai kayan aikin da ke tona bambancin.

Na farko shi ne matajin lanƙwasa. Manhaja tana tsayar da 'yan layuka a jikin layinka kamar haƙoran mataji, tsawon kowanne gwargwadon tsananin lanƙwasar wurin. Layi mai kyau, bakin matajinsa yana hawa ko sauka sannu a hankali. Layin wuri ashirin ɗin nan, matajinsa zai yi ta hawa da gangara, wani wurin ma ya tsallaka ɗaya gefen, alamar layin ya juya baya ba da saninka ba. Ina so ka saba da barin matajin nan a kunne duk lokacin da kake jan ɗigo, har idonka ya koma kallonsa fiye da layin kansa.

Na biyu shi ne zanen jakin dawa, kuma shi a kan fuska ake sa shi, wato shimfiɗar jikin abin da ka gina daga layukan, ba a kan layi ba. Manhaja tana haska fuskar da ka gina da ratsin fari da baƙi, kamar mota ce mai sabon fenti a ƙarƙashin dogayen fitilu. Ka taɓa ganin ƙwararren mai gyaran bodi ya gama buga ƙofa, ya tsuguna ya kalle ta ta gefe a cikin rana don ya ga inda haske ya karye? Aikin ke nan, sai dai mu muna yinsa tun kafin a narka ƙarfe. A nan za ka fahimci abin da ake nufi da G0, G1 da G2, waɗanda za a tambaye ka a kowace ganawa. In fuska biyu sun haɗu kawai, da kaifi a tsakaninsu, G0 ke nan, ratsin zai yanke a mahaɗar, na dama bai san na hagu ba. In sun haɗu suna fuskantar waje guda, G1, ratsin zai haɗu amma da gwiwa. Hannu ba zai ji komai ba, ido zai gani a fenti mai sheƙi. In har tsananin lanƙwasarsu ma ya zo ɗaya a mahaɗar, G2, ratsin zai wuce sumul. Sassan da mai mota ke gani, waɗanda ake kira fuskokin aji na A, G2 ake nema a kansu, manyan wurare har G3, matakin da ke gaba da shi. Dalilin da ya sa masu wannan aiki suke son layi mai daraja ta biyar da ɗigo shida shi ne, ɗigo uku na kowane gefe suna kula da mahaɗar wannan gefen, ba sa shiga hurumin juna.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai koyo ba: fuskar NURBS mai gefe huɗu ce a halittarta, kamar yadin da aka saƙa da zaren tsaye da na kwance. In ka tilasta mata cike gurbi mai kusurwa uku, gefe ɗaya zai tattare ya koma ɗigo, kuma a wurin ne in ka zo ba ta kauri zai ƙi fita, injin sassaƙa ya bar tabo. Abin da ake yi shi ne a gina fuska mai gefe huɗu da ta fi gurbin girma, a yanke rarar. Umarnin Loft, Sweep, Blend da Match, ko wane suna manhajarka ta ba su, cikin mako guda za ka haddace inda suke. Sanin yadda za ka raba jikin abu zuwa fuskoki, wacce ce babba, wacce ce mahaɗa, shi ke cin shekaru.

Game da wace manhaja, ga yadda abin yake a nan. CATIA ta kamfanin Dassault Systèmes ce, da ita aka zana Boeing 777, kuma BMW da Volkswagen suna aiki da ita. Mercedes sun bar ta sun koma NX ta Siemens. Fuskokin aji na A kuwa yawanci da Alias ko ICEM Surf ake gina su. Ka ga in ka ƙwallafa rai a kan guda ɗaya, kamfanin da zai ɗauke ka yana iya zama mai amfani da wata. Lasisinsu kuma ba na aljihun mutum ɗaya ba ne, jami'a ko wurin aiki ne za su ba ka. Kada ka gina fayilolin da za ka nuna wa kamfani da manhajar sata, a nan ba ƙaramin laifi ba ne. A gida ka fara da Rhino, tana da gwajin kwana 90 kyauta, tana nuna maka ɗigogin linzami ƙiri-ƙiri, tana da mataji da zanen jakin dawa, kuma ba ta da nauyi a kwamfuta. FreeCAD kyauta ce gaba ɗaya, tana aiki ba intanet, wanda na san yana da muhimmanci inda wuta da data suke wahala, sai dai kayan aikinta na fuska ba su kai na Rhino ba. Onshape a burauza take aiki, amma tsarinta na kyauta yana barin zanenka a buɗe ga kowa. Ka sayi linzamin kwamfuta mai maɓalli uku, da allon taɓawa na laftof ba a wannan aiki.

Kada ka fara da mota. Ɗauki butar roba ta alwala ka ajiye a gabanka. Jikinta layi ɗaya ne da aka juya, bakinta bututu ne mai sirancewa, mariƙinta yana lanƙwashe, kuma inda baki ya haɗu da ciki yana da wuyar da za ta koya maka rabin sana'ar. In ta fito da ratsi sumul, ka ba ta kaurin milimita biyu ka ga ko za ta karɓa. Daga nan ka koma tankin babur, sannan madubin gefen mota. Abu uku masu tsabta sun fi motoci goma da aka yi wa kwalliyar haske.

Batun zuwa kuwa, ba zan ɓoye maka ba, kana shirin zuwa ne a lokacin da masana'antar mota ta Jamus take cikin matsi. A Disamba 2024 Volkswagen ta cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago kan rage guraben aiki sama da 35,000 kafin 2030, kuma kamfanoni irin namu su ne ke fara jin jiki idan manya suka tsuke. Aikin zane mai sauƙi da yawa an mayar da shi Indiya da gabashin Turai. Abin da ya rage a nan shi ne mai wuyar, wanda sai an zauna da mai tsara siffa da mai ƙera mazubi ana jayayya a kan rabin milimita, kuma wannan jayayya da Jamusanci ake yinta, ko da digirinka da Turanci ka yi. Ka fara koyon harshen yanzu, ka sa ran kai matakin ƙwarewar harshe da ake kira B2. Ka kuma buɗe idonka ga wasu fannonin: kayan asibiti, fankar injin jirgi, farfelar injin iska, kayan gida, duk wannan ilimin suke buƙata.

Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu sai 'yan kuɗin zango, amma jihar Baden-Württemberg, inda Stuttgart take, tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Don biza sai ka nuna kuɗin zama na shekara a rufaffen asusu, wanda aka mayar Yuro 11,904 a 2024, kuma yana sauyawa, ka duba shafin ofishin jakadanci kafin ka yi lissafi da iyaye. Ɗalibi yana iya aiki a kamfani har awa 20 a mako lokacin karatu, kuma ta wannan ƙofa ce mafi yawanmu muka fara taɓa CATIA ta gaske a kan aikin gaske. Bayan kammalawa ana ba da wata 18 na neman aiki. In kana zaɓen kwas, ka karanta jerin darussansa, ka nemi wanda ke da darasin lissafin siffofi da aikin ɗakin gwaji, kada sunan kwas ɗin kawai ya ja ka.

Kuɗin satifiket ɗin nan, ka raba shi biyu: rabi ka ƙara wa laftof ɗinka ƙwaƙwalwa ta kai gigabayit 16, rabi ka biya ajin Jamusanci. In ka gama butar, ka turo mini fayil ɗin a tsarin STEP, wanda manhajojin zane daban-daban ke iya buɗewa, tare da hoton ratsin a wajen mahaɗar baki, zan duba in nuna maka ɗigogin da za ka cire. Ka gaishe mini da su Baba da Inna.