Ku Tambaya Mu Amsa: Roki Sasaki da Rayuwar Mai Jifa a Wasan Besbol

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Katsina, kuma ɗalibaina sun kawo mini labarin wani matashi ɗan Japan mai suna Roki Sasaki, wanda aka ce ƙwallon da yake jefawa ta fi mota gudu, har ƙungiyoyin Amurka suka yi ta rububinsa. Ina roƙon a yi mini bayanin aikin mai jifa a wasan besbol, da kuma hanyar da wannan yaro ya bi ya kai inda yake.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. A wasan besbol mai jifa yana tsayawa ne a kan wani ɗan tudun ƙasa a tsakiyar fili, tsakaninsa da mai riƙe da kulki mita 18.44, sannan a bayan mai kulkin akwai abokin wasan mai jifan a tsugunne, wanda yake cafe ƙwallon kuma yake yi masa alama da yatsu kan irin jifan da ya kamata. Idan mai kulki ya kasa bugun jifa uku da aka lissafa masa, to ya fita. Wasa zango tara ne, kuma a kowane zango sai an fitar da mutum uku kafin ƙungiyoyin su yi musayar wuri. Ƙwallon da aka jefa da gudun kilomita 160 a awa tana isa wurin mai kulki cikin ƙasa da rabin sakan, saboda haka ɗalibanka ba su yi ƙari ba.

An haifi Sasaki ranar 3 ga Nuwamba, 2001 a garin Rikuzentakata da ke lardin Iwate, a gaɓar arewa maso gabashin Japan. Yana ɗan shekara tara girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta watan Maris na 2011 suka share garin, ya rasa mahaifinsa da kakanninsa biyu, iyalin kuma suka koma garin Ofunato da ke kusa. A makarantar gwamnati ta wannan gari ya yi sakandare, kuma a 2019 aka auna jifansa da kilomita 163 a awa, abin da ya sa ƙasar baki ɗaya ta juyo kansa. A watan Oktoba na wannan shekara ƙungiyoyi huɗu suka nemi ɗaukarsa a zaɓen sababbin 'yan wasa, aka yi ƙuri'a kamar yadda dokarsu ta tanada, ta faɗa wa Chiba Lotte Marines.

Abin da ƙungiyar ta yi da shi bayan nan ya cancanci a lura. Duk shekarar 2020 ba ta sa shi a wasan gasa ko sau ɗaya ba, sai dai atisaye da gina jiki, domin ana ganin ƙarfin jifansa ya riga ƙashinsa da jijiyoyinsa girma. Ya fara wasa a 2021, sannan ranar 10 ga Afrilu, 2022, yana da shekara 20, ya fuskanci ƙungiyar Orix Buffaloes ya fitar da mutum 27 a jere ba tare da ko ɗaya ya taka sansanin farko ba, wato wurin da mai kulki ke fara rugawa ya tsaya idan ya bugi ƙwallo. Wannan shi ake kira cikakken wasa, kuma rabon da a gan shi a babbar gasar Japan tun 1994. Mutum 19 daga cikinsu da jifa kawai ya fitar da su, 13 a jere, kuma mai cafe masa ƙwallo a ranar, Ko Matsukawa, yaro ne ɗan shekara 18. Makaminsa na biyu bayan gudu shi ne wani jifa da ake ware yatsan manuni da na tsakiya a cusa ƙwallon a tsakaninsu, ta taho kamar za ta wuce kai tsaye, sai ta nutse ƙasa daidai lokacin da mai kulki ya kai duka. A 2023 yana cikin tawagar Japan da ta ci gasar besbol ta duniya, sannan a Janairun 2025 ya sa hannu da ƙungiyar Los Angeles Dodgers ta Amurka.

TAMBAYA: Ni uwa ce, ina rubutowa daga Maraɗi. Na ji cewa mai horar da shi ya hana shi buga wasan ƙarshe a makaranta har suka sha kashi. Shin wannan ba tauye wa yaro da abokansa haƙƙi ba ne?

AMSA: Hajiya, wannan tambaya taki ita ce ta raba kan mutanen Japan a watan Yulin 2019, kuma sai an san matsayin gasar kafin a gane zafin maganar. Kowane lardi yana tura zakaransa zuwa filin Koshien da ke Nishinomiya, inda ake yin gasar makarantun sakandare ta ƙasa duk lokacin zafi, ana nuna ta kai tsaye a talabijin. Makarantar Ofunato ba ta je can ba tun 1984, kuma wasa ɗaya ya rage mata. Abokiyar karawarta ita ce Hanamaki Higashi, makarantar da shahararren ɗan wasan besbol Shohei Ohtani ya yi karatu. Mai horarwa, Yohei Kokubo, ya bar Sasaki a benci daga farko har ƙarshe, aka doke su da ci 12 da 2, mutane kuma suka yi ta kiran makarantar a waya suna zuba ƙorafi.

Ga abin da ya gani. Kwana huɗu kafin wasan yaron ya yi jifa 194 a wasa guda, sannan ana gobe wasan ƙarshe ya ƙara 129. Jifan besbol ba motsi ne da aka halicci gwiwar hannu dominsa ba: duk lokacin da hannu ya koma baya ya fizgo gaba, wata siririyar jijiya da ke gefen ciki na gwiwar tana miƙewa kusan iya ƙarfinta. Idan ta tsinke sai an yi tiyata an ɗauko wata jijiya daga wani sashe na jiki an dasa, aikin da likita Frank Jobe ya fara yi a 1974 a kan ɗan wasa Tommy John, wanda har yau da sunansa ake kiran tiyatar. Jinyarta takan ci shekara guda ko fiye. Al'adar Koshien kuwa ta daɗe tana ɗaukaka yaron da ya jure wahala, kamar Daisuke Matsuzaka da ya yi jifa 250 a wasa ɗaya a 1998.

A ganina mai horarwar ya yi daidai, ko da yake ba zan ce miki abin bai da ciwo ba, domin yawancin abokan Sasaki wannan ce damarsu ta ƙarshe a fili, kuma ba su za su ci moriyar hannun da aka adana ba. Daga 2020 hukumar wasan makarantu ta ƙayyade wa kowane yaro jifa 500 a mako. Irin wannan hukunci ya sake samun Sasaki mako guda bayan cikakken wasansa: ranar 17 ga Afrilu, 2022 ya yi zango takwas babu wanda ya taka sansani, saura mutum uku ya kafa tarihin da ba a taɓa yi ba na cikakken wasa biyu a jere, amma manajansa Tadahito Iguchi ya cire shi bayan jifa 102, ƙungiyar kuma ta faɗi wasan.

TAMBAYA: Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi: Me ya sa Dodgers ta ba Yoshinobu Yamamoto, wani mai jifa ɗan Japan, dala miliyan 325, shi kuwa Sasaki miliyan 6.5 kawai?

AMSA: Alhaji, shekaru ne suka raba su. Dokar babbar gasar Amurka tana ɗaukar ɗan wasan waje da bai kai shekara 25 ba a matsayin sabon shiga, kuma kowace ƙungiya tana da iyakar kuɗin da za ta kashe kan irin waɗannan a shekara. Yamamoto ya jira ya cika 25, ya sami kwantiragin shekara 12. Sasaki ya tafi yana da 23, saboda haka miliyan 6.5 ɗin kuɗin sa hannu ne, albashinsa kuma ya fara daga mafi ƙarancin da ake biya, wato dala 760,000 a 2025, kuma sai ya yi shekara shida a gasar kafin ya sami 'yancin zaɓar ƙungiya da kansa. Ohtani ma haka ya yi a 2017, daga baya ya sa hannu kan dala miliyan 700, amma ba kowane hannu ne yake kaiwa can lafiya ba.

Shekarar farko ta Sasaki ta nuna haɗarin wannan lissafi. Ya fara wasa a watan Maris a birnin Tokyo, inda Dodgers ta buɗe kaka da Chicago Cubs, bayan wasa takwas kuma ciwon kafaɗa ya zaunar da shi daga Mayu har ƙarshen Satumba. Da ya dawo ba a mayar da shi mai fara wasa ba, sai aka riƙa kiransa a zangon ƙarshe ya rufe wasa da jifa kaɗan masu ƙarfi, kuma a wannan matsayi ya taimaka wa Dodgers ta ci kofin babbar gasar Amurka na 2025 bayan wasa bakwai da Toronto Blue Jays.