Waɗannan tsofaffin rediyoyin mota, kada ka yi gaggawar ɗora su a sikeli

Ka tambaye ni me za mu yi da rediyoyin motar da suka taru a ƙarƙashin benci, ko ka kira ɗan jari-bola ya auna ya ba mu kuɗin shayi. To yaro, ja kujera. Ɗan jari-bola nauyi yake saye, mu kuwa aiki muke sayarwa, kuma fiye da rabin abin da ke wurin nan lafiyarsa ƙalau. Ciro su aka yi kawai don mai mota yana son irin ta zamani mai babban gilashi da Bluetooth.

Kafin komai, rediyon da muka cire ta mai mota ce. Ka miƙa masa abarsa. Idan ya ce ya bar mana, shi ke nan ta halatta. Wani ma nakan ce ya adana ta, musamman idan ta kamfani ce, don ranar da zai sayar da motar mai saye yakan so ganin asalin kayanta.

Wadda ta zama tamu, sai gwaji. Ɗauko batir mai volt 12 da sifika ɗaya. A yawancin irin su Pioneer, Kenwood, Sony da JVC, waya rawaya ita ce mai ɗaukar wuta kullum, ja ta makulli ce, baƙa kuma ta jikin mota. Haɗa rawaya da ja ka kai su kan fositib, baƙa a kan negetib, kuma ka sa fis a tsakani, kada ka ce sauri kake. Ta kamfani, irin wadda ke zuwa da Toyota ko Honda, launin wayoyinta daban ne, don haka kada ka yi cinke. Tambaye ni, ko ka bi wayoyin da mitar gwada wuta. Idan ba ta tashi ba, fara duba fis ɗin da ke bayanta, don sau da yawa nan ne matsalar take.

Akwai guda biyu da za su ruɗe ka. Wata za ta kawo wuta amma ta rubuta tana neman lamba. Honda sun yi suna da wannan, da an cire batir sai ta kulle kanta saboda ɓarayi. Ba lalacewa ta yi ba, sai dai in babu lambar, kuɗinta ya faɗi. Ɗayar kuma ita ce wadda aka yi don kasuwar Japan. Tsofaffinsu FM ɗinsu daga mita 76 yake zuwa 90, mu kuwa tashoshinmu daga 87.5 ne zuwa 108. Sai ka ga rediyo garau amma ta kasa kamo Freedom a 99.5, mai ita ya rantse ta mutu. Akwai ɗan ƙaramin abu da ake saƙala wa a wayar eriya ya gyara wannan.

Mai lafiya, ko da kaset take ci, tana da masu so. Abin da ke da daraja a cikinta shi ne ƙarfin sautinta. Yawancinsu suna ɗauke da ayisi, wato ɗan ƙwayar lantarkin da ke ƙarfafa sauti, mai tura sifika huɗu, irin su TDA7388, kuma sautinsa ya fi na ƙananan akwatunan da ake tallarsu a bakin titi. Ka sayo ɗan fanel ɗin nan, wato ƙaramin allon kayan lantarki, mai Bluetooth da wurin sa memori, ka jona shi ta AUX, wato ramin shigar da sauti daga waje, in babu ka nemi layin da sauti ke shiga ayisin. Ka ƙera mata akwatin katako da sifika biyu masu ohm 4. Mai shayi zai saya, mai aski zai saya, haka ɗan adaidaita-sahu da mai shagon da ke da batirin sola. In a ɗaki za a yi amfani da ita, akwatin wutar tsohuwar kwamfuta ya isa: haɗa koriyar waya da baƙa ya tashi, rawayarsa ita ce volt 12.

Gyaran wurin CD kuwa, ni na daina ɓata lokaci a kansa. Idon da ke karanta faifan ya gaji, kuma wa ke sayen faifai yanzu?

Wadda ta ƙone ko ruwa ya ci, ka kwance ta. Abu na farko da za ka ajiye shi ne soket ɗin baya da jelar wayoyinsa, don gobe wani zai zo da motar da aka yanke wa nata, kuma a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ba kyauta za a ba ka ba. Sai ayisi in bai fashe ba, maɓallin ƙara murya, fuskar gaba, kejin ƙarfen da ke riƙe ta a dashbod, da kusoshi. Ka zuba kowanne a gwangwaninsa.

Ragowar ita ce ta ɗan jari-bola, amma ka ware masa alminiyom daban da baƙin ƙarfe, don farashinsu ba ɗaya ba ne. Abu ɗaya na hana a shagon nan, kada in ga ka cinna wa fanel ko waya wuta don fitar da jan ƙarfe. Dalma ce a jikin tsofaffin fanel, kuma dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. In ka taɓa su ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Tashi ka ɗauko batirin can, ka fara da Pioneer ɗin da ke sama.