Atishawar hunturu da siron da ke sa yaro gyangyaɗi a aji

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Daga Garwa nake. Yarona shekara 6, duk hunturu sai atishawa da ƙaiƙayin ido, hanci kamar famfo. Na saya mai siron Polaramine wajen mai tebur a kasuwa, atishawar ta yi sauƙi amma malaminsu yace kullum gyangyaɗi yake a aji, da dare kuma rigima kamar an canja min shi. In ci gaba ko in nemi wani?

Amsa: Wa alaikumussalam 'yar uwa. Ki dakata da siron nan tukun, ba halin yaron bane ya lalace. Polaramine da Phénergan da chlorphéniramine duk tsofaffin magungunan alaji ne, suna shiga ƙwaƙwalwa shi yasa suke kawo barci, wasu yaran kuma akasin haka suke musu, sai kiga yaro ya birkice yana tsalle-tsalle ƙarfe goma sha ɗaya na dare ido biyu. Naki da alama ya haɗa duka biyun.

Ita ma cutar da nata laifin fa. Ƙurar nan da iska ke kwasowa daga Bodele a arewacin Cadi tana toshe hanci, yaro ya kwana yana numfashi ta baki, barci bai ishe shi ba, to ina zai gane karatu da safe?

Kije farmasi na gaske, ba tebur ba inda rana ke dukan kwalba tun safe, ki tambayi cetirizine ko loratadine na yara, su basu cika sa barci ba. Cetirizine ɗin yakan ɗan sa wasu, sai a bayar da dare. Ki faɗa musu shekarunsa da nauyinsa su auna miki, banda cokalin shayi don Allah. Ki haɗa da ruwan serum na wanke hanci, ga araha, sannan ki ɗan yayyafa ruwa a ƙasa kafin shara saboda ƙura.

Phénergan kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2, ina faɗa ne saboda na san ana ɗura wa jarirai wai su yi barci a huta.

In likita ya rubuta montelukast, wani maganin asma da alaji, ki sa ido, tun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi a kansa saboda mugayen mafarkai da sauyin hali. In kuma akwai zazzaɓi ko ƙirji na ƙara kamar fito in yana numfashi, wannan ya wuce atishawar ƙura, asibiti za ki kai shi a gwada.