Daga bakin rumfa zuwa ƙofar mota: maganar minti ɗaya da mai jari

Wani matashi daga unguwar Zariya ta nan Maradi ya aiko mini da tambaya: "Malam, ina sayo gyaɗa a kasuwannin ƙauye, mata uku suna matse mini mai, ina kai wa masu tuyar ƙosai da masu abinci. Jika 600 nake nema in sayi injin matsa. Ranar Asabar a wurin ɗaurin aure na samu wani Alhaji, na yi ta yi masa bayani har aka watse ban kai ƙarshe ba. Ya ce Allah ya sa albarka, ya shiga mota. Ina kuskurena?"

Ƙanena, na ji maka ciwon wannan abu, don na san irin ƙarfin halin da yaro ke tarawa kafin ya tunkari babban mutum. Sana'arka ba ta da aibu. Abin da ya faru shi ne ka ɗauko zancen zaure ka kai shi bakin hanya.

'Yan kasuwar Amurka suna da suna ga irin wannan magana, suna danganta ta da lif, na'urar nan mai hawa da mutane saman bene: ka haɗu da mai kuɗi a ciki, kafin ƙofa ta buɗe, daƙiƙa 30 zuwa 60, ka faɗi abin da zai sa ya so sake ganinka. Mu a Maradi lif ɗinmu shi ne takun da Alhaji zai yi daga rumfar biki ko ƙofar masallaci zuwa motarsa. Kuma ka riƙe wannan da kyau: a cikin wannan taku ba kuɗi kake nema ba. Babu mai hankalin da zai zaro jika 600 a tsaye. Abin da kake nema ya ce maka "zo shago ranar Litinin".

Gaisuwa ba a tsallake ta, ko da lokaci ya ƙure. Ka rusuna, ka gaida shi, ka faɗi ɗan gidan wa kake, ko wanda ya turo ka. A garin nan amana tana gaban lissafi, mutum yana son ya san inda zai same ka in rana ta ɓaci. Amma numfashi biyu ya isa. Kada ka shiga tarihin yadda ka bar karatu da wahalar da ka sha. Mai jin tausayinka sadaka zai ba ka, jika ɗaya ko biyu, ba jari ba.

Daga nan sai ka fara da abin da ka riga ka sayar, ba abin da kake mafarki ba. Ban san alƙalumanka ba, kai za ka sa na gaskiya, amma ga yadda zubin zai kasance:

"Alhaji, man gyaɗa nake yi, shekara biyu ke nan. Duk mako ina sayar da bido goma ga masu tuya, kuɗi hannu. Suna neman ashirin, hannun mata uku ba ya iya fitarwa. Injin jika 600 zai cike giɓin. Ina neman wanda za mu haɗa jari mu raba riba. In ka ba ni izini in kawo maka littafina ka duba."

Ka karanta shi da ƙarfi ka duba agogo. Bai kai minti ɗaya ba. Dubi inda nauyin yake: "suna neman ashirin". Wannan ita ce kalmar da ke tsayar da ɗan kasuwa, domin ta nuna masa ciniki yana nan yana jira, kaya ne babu. Alhazan Maradi sun ga masu tunani mai kyau ba adadi. Wanda ba su cika gani ba shi ne yaron da masu saye suka fi ƙarfin kayansa.

Abu biyu kada ka bari a duhu. Na farko, bashi kake so ko haɗin jari? Da yawa daga cikin manyanmu ba sa taɓa abin da ke da ruwa, don haka ka furta rabon riba da bakinka tun farko. Na biyu, kuɗin. Mu da muke ƙirga da dala, muna kuma ciniki da mutanen Jibiya da Katsina da naira, ka ce jika 600 na sefa a fili.

In ya tsaya ya jefo tambaya, ka yi murna, ƙofa ce ta buɗe. Kuma na san irin tambayoyin: tiya nawa ke ba ka lita ɗaya? Nawa kake sayen gyaɗa da kaka, nawa da bazara in ta yi tsada? Tunkuzar fa, ƙuli kake yi da ita ko sayarwa kake? Injin na wuta ne ko na gazuwal? Wanda ya ce "sai na duba" a kan tiya da lita ya gama kashe kansa. Waɗannan su zauna maka a ka kamar lambar wayarka.

Kafin ka sake tunkarar kowa, ka gwada maganar a gida. Tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar nan ya faro a 1991, kuma iyayenmu da ke zama a irin wannan asusu sun san bashi mai dawowa da wanda ba ya dawowa. Ka tsaya gaban biyu daga cikinsu ka faɗa. Duk inda suka ce "ban gane ba", nan za ka gyara.

Shi kuwa Alhajin ranar Asabar, kada ka cire shi daga lissafi. Ka cika ƙaramar kwalba mai tsabta da man da aka matse ranar, ka rubuta lambarka a jiki, ka ɗauki littafin cinikinka, ka je shagonsa da hantsi kafin jama'a su taru.