Amsa kan auna isotop a ƙasusuwan gindin Dala

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da ƙasusuwan dabbobi da ƙonannen hatsi daga haƙar da aka yi a gindin Dala, kana so a auna isotop ɗin kabon 13 da naitirojin 15, wato nau'o'in kabon da naitirojin masu ɗan ƙarin nauyi, don gane abincin mutanen da. Kafin ka biya kuɗin awo, tabbatar kolajin, wato furotin ɗin cikin ƙashi da ake aunawa, bai ruɓe ba, domin zafin ƙasarmu da jiƙa da bushewar damina da rani suna cinye shi tun ƙashin yana nan da kyansa a ido.

Yanki giram rabi daga ƙashi mai kauri, ka kankare bayansa. Jiƙa shi a asid HCl mai ƙarfin mola 0.5 cikin firji, kana sauya ruwan duk kwana biyu har ya yi laushi yana lanƙwasuwa. Ɗauraye shi, ka sa a ruwan sinadarin NaOH mai ƙarfin mola 0.1 don fitar da dattin ruɓaɓɓen ganye na ƙasa, sai a narkar da shi a ruwa mai pH 3, zafi digiri 70 na Celsius, awa 48. A tace, a daskarar a busar. Idan abin da ya fito bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙashin ba, ko yawan kabon in an raba shi da na naitirojin ya fita daga 2.9 zuwa 3.6, kada ka yarda da lambar. Koma kan farin ɓawon haƙori, shi ya fi jure ƙasa, amma kabon kaɗai zai ba ka, ba naitirojin.

Inda ɗalibai suka fi zamewa shi ne fassara. A lambar kabon 13, gero, dawa da masara duk suna wajen -12, shinkafa, alkama da wake wajen -26, kolajin kuma yana ɗara abincin da kusan 5. A Amurka lambar masara ta fita daban da ta sauran abincinsu, shi ya sa awon ke nuna zuwanta. A Kano ba za ka raba ta da gero ba. Saniyar da ta ci ciyawar daji ma irin alamar gero take bayarwa a nono da nama, akuya mai cin ganyen itace kuwa tana karkata wajen wake. Don haka tantance ƙashin wace dabba ce tukuna.

Naitirojin yana hawa 3 zuwa 5 daga abinci zuwa mai ci, amma taki ma yana ɗaga shi, fari ma haka. Gonakin kewayen birni sun daɗe suna shan takin da jakuna ke fitarwa daga cikin gari, saboda haka lamba mai yawa tana iya zama tuwo ne daga gona mai taki, ba nama ba. Auna ƙonannen hatsin naka ma, shi zai raba gardama.

In za ka kwatanta da hatsin Dawanau, tambayi ko an sa masa takin zamani, wanda lambar naitirojin ɗinsa ke kusa da 0. Ka kuma ƙara kusan 2 a kan kabon na hatsin yau, hayaƙin fetur da kwal ya sauke na iska.